Yadda ake kai ƙananan yara hutun zamiyar ƙanƙara a dawo lafiya

Da Disamba ta kama za ku fara ganin hotuna a status, wance ta kai yaranta tsaunukan Faransa, wane yana Turkiyya da iyali, yara sun sha jaket da hular kwano suna ta dariya cikin dusar ƙanƙara fara ƙal. Hoton baya nuna awa gudan da aka ɓata ana kokawa da ɗan shekara huɗu kan ya sa takalmi, ko lokacin da aka gama naɗe shi tsaf da kaya hawa uku sannan ya ɗago ya ce Mama fitsari. Tafiya ce mai daɗi sosai amma tana cin kuɗi ba na wasa ba, kuma in da ƙananan yara abu uku ne ke ɓata ta, sanyi da yunwa da gajiya. Kusan duk shirin a kan waɗannan ukun yake, sai wasu abubuwa namu da ba za ku gani a shawarwarin Turawa ba tunda su ba damuwarsu bace.

Ku fara da likita, kafin tikiti kafin komai. Dalili kuwa sikila. Sanyi mai tsanani, ƙarancin iskar shaƙa a saman dutse, da rashin isasshen ruwa a jiki suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, toh wurin zamiya duka ukun ya haɗa a lokaci ɗaya. In yaronku SS ne ko SC, dan Allah kar ku yanke hukunci da kanku, ku zauna da likitan jininsa ku faɗa masa sunan garin da tsayinsa, in ya ce a'a ku haƙura, duniya da faɗi akwai wuraren hutu da yawa. Ko mai AS da muke ɗauka lafiyarsa ƙalau, an sha samun wanda saifarsa ta ba shi matsala a wuri mai tsayi sosai, don haka in yaro ya fara kukan ciwon ciki ta ɓangaren hagu a saman dutse ba abun a ba shi farasitamol a kwanta bane, asibiti za a je. Mai asma kuma busasshiyar iska mai sanyi na iya tayar masa, inhela ɗinsa ta zauna a aljihun ciki kuma malamin da zai koya masa ya sani. Jariri da bai kai shekara ba ni dai a ganina a bari ya ƙara girma, in ma an je da shi kar a hau da shi motar igiya zuwa ƙololuwa, saurin hawan yana matsa masa kunne.

Sai maganar shekaru. Makarantar zamiya ta Faransa, ESF, waɗanda malamansu ke sa jajayen kaya, suna karɓar yara daga shekara 3 a ajin da suke kira Piou Piou, wani ɗan fili ne da aka kewaye, kusan a kwance yake, an cika shi da 'yan tsana da ƙofofin roba da bel mai tafiya da ke ɗaukar yara zuwa sama. A Siwizalan da Ostiriya ma haka tsarin yake. Amma gaskiya ɗan shekara uku wasa kawai yake, koyo na sosai sai huɗu zuwa biyar. Kuma yawanci sai yaro ya bar famfas ya iya cewa zai zaga kafin su karɓe shi. Wanda bai kai uku ba gidan raino ake kai shi, gurbinsu kaɗan ne yana cika da wuri, shi ya sa in da hali tafiya da kaka ko wata ƙanwa da ba ruwanta da zamiya ya fi komai sauƙi.

Kafin ku zuba kuɗin mako guda ku ɗan gwada yaran a na cikin gini. Akwai Ski Dubai a Mall of the Emirates tun 2005, akwai Ski Egypt a Alƙahira, 'yan Ingila kuma akwai a Hemel Hempstead da Milton Keynes da Manchester. Awa ɗaya ko biyu ta isa ku gane wanda ke so da wanda zai tsaya ƙiƙam yana hawaye, kuma nauyin takalmin bazai zo musu baƙo ba in an je can.

Toh yaushe za a je? A Turai da Turkiyya kakar tana kamawa daga Disamba zuwa wajen Afrilu. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da tsakiyar Fabrairu lokacin da makarantun Ingila da Faransa ke hutu, nan ne tsada da cunkoso suke. Janairu akwai sauƙi amma shi ne tsakiyar sanyi kuma rana gajera ce, a Turkiyya ma ƙarshen Janairu hutun makarantunsu ne otal-otal cike suke. In yaranku basu shiga makarantar da za a ci ku tara kan fashi ba, ku zaɓi Maris, rana ta yi tsawo, sanyin ya sassauta, yaro zai iya awa biyu a waje ba kuka. Ku duba kalandar azumi ma, a 'yan shekarun nan Ramadan yana faɗowa ne tsakanin ƙarshen Janairu da Maris, dawainiyar yara a kan dutse da ƙishin da busasshiyar iskar nan ke sawa ba ƙaramin aiki bane ga mai azumi.

Wajen zaɓen gari nan mutane ke ruɗuwa, a je ana neman wurin da ya fi suna ko ya fi yawan hanyoyin zamiya, alhali yaronku a fili ɗan mitsitsi zai ƙare makon gaba ɗaya. Tambaya ɗaya ce ta fi muhimmanci: daga ƙofar masauki zuwa inda makaranta ke taruwa minti nawa ne a ƙafa? In ya wuce biyar zuwa goma ku nemi wani. Ku tuna kowace safiya za ku fito da yara biyu sanye da takalman roba masu tauri da ba a iya tafiya da su, ku ɗauke da allunan zamiyarsu da naku, wato dogayen allunan da ake maƙala wa takalmi, ƙasa na santsi, ƙaramin ya ce sai an goya shi. Masauki mai arha da sai an hau bas ba arha bane. Na biyu nisan gari daga filin jirgi, na uku tsayinsa. Les Gets a Faransa bai kai mita 1,200 ba kuma awa ɗaya da 'yan mintuna ne daga filin jirgin Jeniba a Siwizalan. Avoriaz yana mita 1,800, motoci basa shiga garin ko kaɗan, da keken doki ko motar ƙanƙara ake kai kaya, hankali kwance yaro ya yi gudunsa. Serfaus a Ostiriya an san shi da harkar yara, har ɗan jirgin ƙarƙashin ƙasa gare su a cikin ƙauyen. Val Thorens kuwa mita 2,300 ne, ƙanƙararsa ba ta yankewa amma sanyi da iska da wahalar barci sun fi yawa, ba zan kai ƙaramin yaro can a karon farko ba. A Faransa ku nemi garuruwan da ke da tambarin Famille Plus, alama ce cewa an tanadi abubuwan iyali.

Ga mai tasowa daga Najeriya ko Nijar, Turkiyya ta fi sauƙi ta fuskoki da yawa, abinci halal ne ba sai an yi ta tambaya ba, ga masallatai. Uludağ yana saman birnin Bursa, ana zuwa daga Istanbul, Erciyes kuma kusa da Kayseri yake kamar rabin awa a mota, sai dai shi gindinsa ma ya haura mita 2,000, a yi la'akari da maganar tsayin nan. Oukaïmeden na Maroko kusa da Marrakesh ƙanƙararsa ba tabbas, wata shekarar a samu wata a rasa. Ko ina kuka sauka, daren farko ku zaga da yaran ku ga matakalar gaggawa, gobarar wani otal a Kartalkaya, wurin zamiya a Turkiyya, cikin Janairun 2025 mutum 78 ta kashe kuma da yawansu yara ne da aka kai hutu.

Da kun tsayar da gari da mako, makarantar yara za ku fara kamawa a intanet, tun kafin ma ku biya masauki in lokacin hutu ne. Ku zaɓi ajin safe, yawanci awa biyu zuwa biyu da rabi ne, kwana biyar ko shida, kar ku yarda da na yini guda ga wanda bai kai shida ba. In yaran basa jin Faransanci ko Jamusanci ku rubuta kuna son malami mai jin Turanci, 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru kam a Faransa sun huta da wannan.

Inshora kuma kar a yi wasa. Wadda ake nema don bizar Schengen ta shiga ƙasashen Turai, mai ɗaukar aƙalla Yuro 30,000, ba lallai ta haɗa da wasannin ƙanƙara ba, sai kun karanta kun ga an rubuta ɓaro-ɓaro. A Faransa in mutum ya faɗi aka sauko da shi a gadon ceto biya ake, in jirgi mai saukar ungulu ne kuwa ba a magana. Suna sayar da wata 'yar inshora, Carré Neige, tare da katin hawa, wato tikitin injinan da ke kai mutane saman dutse, a garuruwa da dama, Yuro kaɗan ce a rana, ku saya. A Italiya tun 2022 dole ne duk mai zamiya ya kasance da inshorar da za ta biya in ya buge wani. Lambar gaggawa a Turai da Turkiyya 112 ce.

Yanzu kaya, nan zan ɗan daɗe. Sanyin can ba irin na hunturu bane da suwaita ɗaya da rana ta fito shikenan, kuma ba kaurin kaya ke maganinsa ba, tsari ne. Hawa uku ake yi. Na jikin fata riga da wando masu kama jiki na ulu ko na roba-roba, banda auduga, auduga in ta sha gumi ba ta bushewa sai ta koma tana sanyaya yaro. Na tsakiya suwaita mai laushi. Na waje jaket da wando da ruwa baya ratsawa, wando mai igiyar kafaɗa ya fi don ƙanƙara ba ta shiga ta ƙugu. Rigar nan da ke haɗe daga sama har ƙasa tana da kyau a hoto kuma tana da ɗumi, amma ranar da kuka shiga matsattsen banɗaki da yaro yana tsalle-tsalle za ku gane. Safar hannu ku sayi mai dunƙule da yatsu huɗu ke wuri ɗaya, ta fi ɗumi kuma ta fi saurin sawa, ku sayi biyu-biyu don ɗaya kullum a jiƙe take, a ɗaure ta da igiya a hannun jaket. Safar ƙafa doguwa har gwiwa, guda ɗaya tak a kowace ƙafa. Iyaye na son ninka biyu wai don ɗumi, hakan matse jini yake ƙafar ta fi yin sanyi, ga shi ta yi kanta. Sai abun rufe wuya mai zagaye a maimakon mafila, da gilashin ƙanƙara mai roba, da takalmin yawo mai ɗumi da baya santsi don yamma. Ba sai sababbi ba fa, yara shekara ɗaya suke sawa su fi ƙarfinsu, ku ara wajen 'yan uwa, ku duba manhajar gwanjo ta Vinted ko kantin kayan wasanni na Decathlon, ko lokacin da kantunan Aldi da Lidl ke fito da nasu. Alluna da takalmin zamiya da hular kwano kuwa haya ake a can.

Hular kwanon nan ita ke kawo mu maganar kitso. A Italiya doka ce yara su sa, haka a yawancin jihohin Ostiriya, inda ba doka ba ma makarantu na nema. Toh shuku ko duk wani kitso mai tudu a tsakiyar kai baya shiga hula, duwatsun ado da ribbom masu ƙwallo kuwa in hula ta danne su ciwo suke ji wa yarinya, ta yi ta kuka malami bai san dalili ba. A yi mata kitso kwantacce zane-zane zuwa baya, jelar ta sauka ƙasan ƙeya, kuma a yi shi kwana biyu uku kafin tafiya ya saki. Masu hijabi, uwa da 'ya, ƙaramin hijabi mai kama kai da ba allura ake sawa a ƙarƙashin hular, dogon mayafi mai reto haɗari ne don yana iya maƙalewa a kujerar lilo, wato kujerar da ke rataye a igiya tana kai masu zamiya sama. Wandon zamiya dama burmeme ne, a haɗa da doguwar jaket sutura ta samu.

Fata ma a kula. Iskar dutse da hitar ɗaki suna busar da jiki, leɓe ya tsage, wasu yaran har haɓo, ku tafi da man kaɗe ko Vaseline a shafa dare da safe, ruwa kuma a yi ta ba su ko basu nema ba don sanyi yana ɓoye ƙishi. Kuma kar a ce mu baƙaƙe ne rana ba ta ƙona mu, sabuwar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 na hasken rana mai ƙuna, ga tsayin dutse yana ƙara masa ƙarfi, a shafa musu man kariya daga rana a fuska, gilashi kuma kar a cire, har ido hasken ke ƙonawa.

Abinci, in a tsaunukan Alps ne, ku kama gida mai kicin ku huta. Naman alade ya yi yawa a girkinsu kuma ɓoye yake. Tartiflette da za ku gani kamar dankali da cuku ne kawai, akwai gutsattsarin alade a ciki, fondue da giya ake narka cukun, a Ostiriya in kun ga Speck ko Schinken ko Schwein ku kauce, a Faransa jambon da lardons. In yaro zai ci abincin rana a gidan raino ku rubuta musu sans porc, wato banda alade, ko ku ce mai cin ganye ne ya fi sauƙi. Alawoyin roba da ake raba wa yara ma da yawansu akwai jelatin na alade. Daga gida ku ɗauko yaji, garin kunu, indomi, dabino. Kilishi da dambun nama kam a bar su, an hana shigo da nama da kayan madara cikin Tarayyar Turai daga waje, har daga Ingila, in aka kama za a ƙwace, wani lokacin da tara. Madarar jarirai kam an yarda a shigo da ita. Sayayya ku yi ta a babban kanti a ƙasa kafin ku fara hawa, shagunan saman dutse tsadarsu ta yi yawa.

Ranar tafiya yawanci Asabar ce, ita ce ranar da wasu ke fita wasu ke shiga, hanya ta cushe. Titin kwana-kwana ne, ku riƙe leda da kayan canji kusa don amai. Kujerar yara ta mota sai an faɗa tun wajen kama motar. In ku za ku tuƙa, a yankunan tsaunukan Faransa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris dole tayoyin sanyi ko sarƙar taya a but.

Da kun isa ku wuce shagon haya a yammacin nan, kar ku bari sai safiya layi zai kashe ku. Ku je da tsayin kowane yaro da nauyinsa a rubuce, da su ake saita maƙalin da ke sakin takalmi in an faɗi, kar a yi ƙiyasi. A gwada takalmin da safar da zai sa, yatsu su iya motsi, diddige kar ya ɗaga. Ba abun da ke shiga cikin takalmin sai ƙafa da safa, wandon ciki a ja shi sama, na waje ya rufe takalmin. Allunan mai koyo gajeru ne, tsakanin ƙirji da haɓa, kuma ƙananan yara basa buƙatar sanduna. Katin hawa kuma kar ku yi saurin saye na mako, wurare da yawa 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne in an nuna fasfo, ku tambayi makaranta wane kati ajinsa ke buƙata.

Safiyar farko ku ba kanku awa ɗaya da rabi. A ci abinci mai riƙe ciki, a zaga banɗaki ko yaro ya ce baya ji, jaket da hula a bakin ƙofa ake sawa don kar ya yi gumi a ɗaki. A aljihunsa ku sa takarda mai sunansa da lambar wayarku, da tishu, da ɗan biskit ko dabino. In kun miƙa shi ga malami ku yi sallama ku bar wurin, zai yi kuka, yawanci minti kaɗan ne, amma muddin yana hango Mamansa a bakin shinge bazai daina ba. Ku laɓe daga nesa in zuciya ta ƙi. Waya a aljihun ciki don sanyi na zuƙe caji, kuma mutum ɗaya ya zauna kusa ko za a kira. Baban yara, kai ma in baka iya ba ka shiga ajin manya, kar ka ce daga YouTube za ka koya sannan ka koya wa yaro, kuma ko ka iya kar ka sa shi tsakanin ƙafafunka ku gangaro, in ka faɗi a kansa za ka faɗi. Goyo a baya ana zamiya kuwa babu shi sam, ƙafafun jariri da ke reto ba motsi sanyi na iya yi musu illa kafin a ankara.

Bayan an tashi, abinci mai zafi, a cire kaya a shanya safar hannu da takalma kusa da hita, ƙananan su yi barci. Nan ne ma za ku samu sallar azahar a natse, ranakun gajeru ne la'asar da magariba suna zuwa da wuri, ku tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da haɗa salla da shafa a kan safa tun kafin ku taso. Da yamma ba dole a koma zamiya ba. A ɗauki ɗan keken zamiya na roba a je filin da aka ware, da hular kwano a kai, ko a gina mutum-mutumin ƙanƙara, ko wurin ninƙaya. In sun nemi su nuna muku abun da suka koya, wato haɗa bakin alluna kamar yankan fiza don tsayawa, ku je hanya mai alamar kore, ita ce ta masu koyo a Faransa, shuɗi na bi mata, ja da baƙi ba naku bane. A kujerar lilo yaron da bai kai mita 1.25 ba sai da babba a gefensa, a sauke ƙarfen kariya da an zauna.

Ku dinga leƙa fuskarsu da yatsunsu. A fatarmu alamar sanyi ya fara cin wuri ba ta fitowa ja kamar ta Turawa, sai dai kumatu ko kan hanci ko kunne ya yi toka-toka ya dushe, yaro ya ce baya jin wurin. A shiga ciki nan take, a ɗumama da tafin hannu ko a sa yatsun a hammata ko ruwa mai ɗumi-ɗumi, banda murzawa banda karawa a jikin hita, in bai dawo daidai ba a nemi likita. Yaron da ke ta surutu sai ya yi tsit yana rawar ɗari yana jin barci, shi ma ranar ta ƙare.

Wajen rana ta uku gajiya ke taruwa, wanda jiya yake murna yau ya ce bazai je ba. Ku bar shi ya huta, na san an biya kuɗin ajin kuma da ciwo, amma in aka tilasta masa sauran kwanakin ma asara za su zama. Ranar Juma'a ake ɗan gwaji a ba su lambar yabo, a ESF daga Piou Piou ake tafiya zuwa Ourson, sai Flocon, sannan tauraro na ɗaya, wasu wuraren sai an biya kuɗin lambar daban don haka ku riƙe canji. A yammacin nan ku mayar da kayan haya kar a caje ku na Asabar, ku share gidan in kuna son kuɗin ajiyarku ya dawo cif, ɗan littafin da malami ya sa wa hannu kuma ku haɗa shi da fasfo, in za a koma wata shekarar shi za a duba a san ajin da za a sa yaro.